Ban Yafe Kuɗin Haya Ba

Shanun huɗar babanmu muka sayar muka kama haya a Ƙanƙara. Su biyu ne, kuma su kaɗai ya bari da za a iya korawa a gaba a kai kasuwa. Gonar tana nan bayan Pauwa, sai dai ba wanda ke iya zuwa ya sa mata garma, saboda abin da kowa ya sani yana faruwa a dajin. Baba ya rasu da ciwon ciki, Inna ta gama takaba, muka tattaro muka shigo gari, ita da ni da ƙannena biyu, mace da namiji, duk ba su gama firamare ba. Ni na gama sakandare, na samu zaman wani shagon cajin waya da cire kuɗi a bakin tasha. Abin da ake ba ni yana sayen masara da manja. Ba ya biyan haya.

Gidan da muka samu jere ne na ciki da falo, iyali shida a tsakar gida ɗaya, da rijiya a tsakiya. A bakin ƙofa an kafa allon ƙarfe mai ɗauke da sunan kamfani da Turanci, dogon suna, da zanen rufin gida a sama. Ba mai karanta allon. Ka tambayi ko wane mai mashin gidan wa ne, zai ce maka gidan Alhaji mai hatsi. Alhajin yana da rumfa a kasuwar 'Yankara, yana da masu saya masa masara har Sabuwa. Mai kula da 'yan haya ƙanen matarsa ne, ana ce masa manaja, saurayi mai yawan turare, wanda ba ya iya yi maka magana sai yana latsa waya.

Manaja ya ce in mun biya shekara biyu a dunƙule za a rage mana. Kuɗin shanun sun kai, har da ɗan ragowar da muka sayi katifa. Inna ta yarda, amma ta ce ba za ta damƙa wa yaro kuɗin shanun mijinta ba. Babban mutum shi ake kai wa abu hannu da hannu, ya gan ka, ya san da zamanka. Na ce mata ai ofis gare su, can ake biya. Ta ce in yi mata shiru. Ranar kasuwar 'Yankara muka hau mota, ta ƙulle kuɗin a tsumman zane, ta ɗauki kwanon daddawa na gaisuwa.

Alhaji ya karɓe mu da kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Ya sa aka shimfiɗa wa Inna buhu, ya aika aka sayo fura, ya ce ya san Baba, mutumin kirki ne, ya yi masa addu'a mai tsawo. Ya kwance tsumman ya ƙirga, ya mayar ya ƙulle. Ba mu kai rabin furar ba wani dillali ya zo ya ce motar waken suya ta iso, mai ita yana sauri. Alhaji ya miƙa masa ƙullin, da tsumman Inna da komai, ya ce ya je ya fara ba shi wannan. Inna har daɗi ta ji. A mota tana ce mini kin gani ko, kuɗinmu sun faɗa hannu mai albarka. Daga baya manaja ya kawo mana rasit mai hatimin kamfani.

Da kaka muka shiga. Muka ci sanyin shekarar a gidan, Inna ta kafa kaskon awara a ƙofa, yara suka samu makaranta kusa. Ana gab da azumi sai ga wasu mutane da igiyar awo suna zagaya katanga. Ashe an sayar da gidan, za a rushe a yi gidan mai. Manaja ya tara mu ya ce wata ɗaya aka ba mu, kuma kada kowa ya damu, kamfani zai mayar wa kowa ragowar kuɗinsa. Na ce yaushe. Ya ce kamfani yana da tsarinsa. Muna cikin azumi aka fara ɓalle kwanon ɗakunan da aka riga aka fita, tsatsa da ƙusa suna zubowa a kan shanyar mutane.

Kawu, yayan Inna, ya ba mu ɗakin ajiyarsa a ƙasan gari. Soron ƙasa ne, azara biyu sun karye, in ka kwanta rigingine da rana kana ganin haske ta tsakiyar rufin. Da rani ana iya zama. Kawu da bakinsa ya ce kada ruwa mai ƙarfi ya same mu a ciki, don bara ma da ƙyar ya fitar da buhunansa. To ka ji inda maganar ta tsaya. Ko kuɗinmu su fito mu kama wani ɗaki kafin damina, ko rufin nan ya sauko a kan Inna da yara.

Na yi ta sintiri wurin manaja. Yau ya ce ana jiran sa hannu, gobe ya ce akanta, mai riƙe musu lissafi, ya yi tafiya, jibi ofishin a kulle. Da ya daina ɗaga wayata sai na wuce shi na tafi zauren Alhaji. Na same shi da hantsi, da mutanensa a zazzaune. Na durƙusa na gaishe shi yadda aka koya mini, sannan na faɗi abin da ya kawo ni ba tare da kewaye ba.

"Ɗiyata," ya ce, "ai ni ba ni da 'yan haya. Kamfani ke da 'yan haya."

"To ina kamfanin yake, Alhaji, in tahi in gaishe shi?"

Aka yi dariya, har shi. Sannan ya gyara zama ya yi mini bayani a hankali, kamar mai koya wa yaro ƙirga. Wai shi darakta ne kawai, shi da 'ya'yansa biyu. Wai kamfani yana da asusunsa daban a banki, kuma asusun nan yanzu ba ko sisi. Na tambaye shi kuɗin gidan da aka sayar fa. Ya ce kamfani ya biya bashin da ake bin sa da su. Na ce wa ke bin sa. Ya ce shi, don shi ya ranta wa kamfanin kuɗin gini tun farko. Ko idonsa bai ƙifta ba.

Na ce ashe kenan Alhaji ya ranta wa kansa, ya sayar da gidansa, ya biya kansa, mu kuma a bar mu da allon ƙarfe. Wani dattijo a gefe ya ce yarinyar ga ba a kwaɓe ta ba tun tana ƙarama. Alhaji ya ɗaga masa hannu, ya ce a ƙyale ni, zafin kai ne na 'yan boko. Ya ce in ban yarda ba in je in tambayi masu doka.

Na je. Akwai wani lauya mai ɗan ofis kusa da kotu, ya saurare ni bai karɓi komai ba. Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa mini. Ya ce a wurin hukuma kamfani kamar mutum ne mai zaman kansa, yana cin bashi, yana biya, yana talaucewa, kuma talaucinsa ba ya hawa kan mai shi. In na kai ƙara kamfanin zan kai, zan iya cin nasara, a ba ni takarda, in je in tarar da asusu fayau. Ya ce hanya ɗaya ce ta kai wa ga aljihun Alhaji, sai in an nuna wa alƙali cewa bai taɓa raba aljihunsa da na kamfanin ba, sunan kawai ya fake da shi. Na ce ai a gabana ya sayi waken suya da kuɗinmu. Ya ce wannan magana ce mai kyau, wa zai shaida? Na ce Inna. Ya ce Inna mai ƙara ce. Dillalin kuwa a rumfar Alhaji yake cin abinci. Na tambaye shi a ce ma an samu shaida, sai yaushe za a gama. Ya ce kada in sa ran a gama cikin damina ɗaya.

Na fito ina jin kamar in ciji hannuna. Ba lauyan na ji wa haushi ba. Na ji haushin yadda za a ce an zauna, manya masu ilimi, an ƙirƙiri mutumin da ba ya da fuska, ba ya da ƙofar gida, ba ya jin kunya, sannan a ce shi ya ci mini shanu.

Bayan ƙaramar Sallah aka fara cewa Alhaji zai koma Makka, wannan karon da Hajiyarsa. A wurinmu mai niyyar aikin Hajji ba ya tafiya sai ya bi 'yan'uwa da maƙwabta ya nemi yafiya, don bai san ko zai dawo ba. Da can gida-gida ake bi. Yanzu waya ta rage wa mutane wahala. Manaja ya taɓa buɗe mana zaure a waya, mu 'yan haya, don maganar kuɗin wuta, kuma bai rufe shi ba. Ina zaune a shago sai ga saƙon murya ya shigo ciki. Muryar Alhaji ce, a tausashe, har tana rawa. Ya ce Allah ya kira shi ɗakinsa, duk wanda ya yi wa ba daidai ba, da saninsa ko ba da saninsa ba, don Allah ya yafe masa, shi ma ya yafe wa kowa.

Kafin in gama sauraro amsoshi sun fara zuba. Mun yafe, Alhaji. Allah ya yafe mana baki ɗaya. Allah ya sa karɓaɓɓe ne, a sa mu a addu'a. Telan da ke ɗaki na farko, da matar mai facin taya, da malamar asibiti, kowa ya aiko da tasa muryar. Mutanen da jiya-jiyan nan muke tsaye tare a ƙofar ofis muna zagin kamfani. Ban ga laifinsu sosai ba, haka bakinmu ya saba. An ce maka a yafe, kafin ka yi tunani harshenka ya amsa, kamar yadda ake amsa sallama.

Na danna na riƙe. Na ce, "Alhaji, ni ce ɗiyar mai awara. Allah ya kai ka lafiya. Ban yafe ba."

Can sai manaja ya cire ni daga zauren.

Da na koma gida da yamma na tarar da sabulu da ɗankwali sabo a kan katifa. Hajiya ce ta zo bankwana, da ƙafarta, har ɗakin ajiyar Kawu. Ta zauna a kan tabarma, ta kalli rufin, ta yi salati, ta ce ba ta san haka muke zaune ba. Sannan ta nemi yafiya, tata da ta maigidanta. Na tambayi Inna me ta ce mata. Inna ta ci gaba da tsintar wake.

"Inna, me kika ce mata?"

"Mi zan ce? Mace ta taka ta zo, za ta ɗakin Allah. Na ce na yahe, duniya da lahira."

Ban taɓa ɗaga wa Inna murya kamar ranar ba. Na ce ta ɗaga kai ta kalli abin da ke samanta. Ta ce ta fi ni ganinsa, ita ke yini a ƙarƙashinsa. Ta ce ita ba za a ce da bakinta aka tare wa Musulmi hanyar Makka ba, kuma yafiya daban, kuɗi daban, mutum mai tsoron Allah in ka yafe masa kunya ma za ta sa ya biya. Na ce to mu zuba ido.

Ba mu daɗe muna zuba idon ba. Matar mai facin taya ta biyo ta shago tana share hawaye da bakin hijabi. Ta je wurin manaja a kan nasu kuɗin, ya ce wane kuɗi kuma, ai kun yafe. Har ya kunna mata muryarta ta ji da kunnenta.

Maniyyata suna da bita, karatun da ake yi musu kan yadda aikin Hajji yake kafin su tashi. A wata makarantar Islamiyya ake yi, maza a gaba, mata a baya, da lasifika. Na roƙi maigidan shago ya ba ni safiya ɗaya, na sa hijabin Inna na tafi na zauna cikin mata. Ba wanda ya tambaye ni katin komai. Alhaji yana sahun gaba a kujerar roba, ina hango ƙeyarsa. Malam ya yi bayanin harami da ɗawafi, ya yi na jifa, sannan ya ce mai tambaya ya rubuto. Mata suna ta yagar takarda suna miƙawa. Na san inda takarda ke zuwa in mai tace wa Malam tambayoyi bai so ta ba, don haka na miƙe tsaye.

Na yi sallama, na ce ni ba maniyyaciya ba ce, tambaya ce ta kawo ni, kuma ba zan kama sunan kowa ba. Na ce mutum ne ya karɓi kuɗin haya da hannunsa, ya sayi hajarsa da su, ya tashi masu hayar tun ba su ci rabin rabi ba. Da aka zo karɓar ragowa ya ce ba shi ake bi ba, kamfaninsa ake bi. Yanzu zai tafi Makka, ya ce a yafe masa.

"Allah gafarta Malam, in kamfani ake bi, me shi yake neman a yafe masa? In kuma shi ake bi, ya halatta ya hau jirgi da su?"

Wata Hajiya ta ja mini hijabi ta ce in zauna. Ban zauna ba. Malam ya cire tabarau, ya tambaye ni kuɗin na wane ne. Na ce na shanun babanmu ne, ya rasu, ba a raba gado ba, akwai ƙannena biyu ƙanana. Na ƙara da cewa uwarmu ta riga ta ce ta yafe, don ban so a ce na ɓoye wani abu.

Malam ya mayar da tabarau. Sannan ya ce shi ba lauya ba ne, takardar kamfani abu ce ta hukuma, tana da amfaninta a wurinta, ba zai soke ta ba. Amma ranar da za a tsaya gaban Allah ba kamfanin da za a tasa, wanda ya miƙa hannu ya karɓa shi za a tambaya. Ya ce neman yafiya a dunƙule ba ya sauke bashin da mutum ya san da shi kuma yake da halin biya. Game da uwa kuwa, ya ce tana da ikon yafe rabonta, wato tumuni, kashi ɗaya cikin takwas na abin da miji ya bari. Sauran na 'ya'ya ne. Babbar in ta ga dama ta yafe nata. Na ƙananan kuwa dukiyar marayu ce, ba uwa ba, ba kawu ba, ba wanda ya isa ya yafe ta. Ya ce ko wane ne mutumin nan, in yana jin sa, ya gyara kafin a kira sunansa a sansanin alhazai.

Ƙeyar Alhaji ba ta motsa ba. Kawunan da ke kewaye da ita ne suka yi ta juyawa.

Kafin azahar labari ya riga ni gida. Kawu ya tare ni a ƙofa. Ashe duk shekara a wurin Alhaji yake karɓar taki bashi. Ya ce na tona wa dattijo asiri a gaban jama'a, na ja a hana shi taki, na ja wa kaina, wane namiji zai ɗauki mace mai tashi tsaye a gaban malamai. Na ce ban kama suna ba, in mutane sun gane shi, halinsa suka gane. Ya ce a gidansa nake. Na ce a ɗakin buhunansa nake, kuma ƙoƙarin fita nake yi.

Washegari manaja ya zo, ba turaren da ya rage a kantin garin. Ya durƙusa wa Inna, abin da bai taɓa yi ba, ya ajiye baƙar leda. Ya ce Alhaji ya ji halin da marayu ke ciki, ya ce a kawo wannan taimako saboda Allah. Inna ta fara godiya. Na ɗauki ledar na mayar masa a cinya ban buɗe ba. Na ce ba mu yi bara ba. In biya ne a ce biya ne, a yi lissafi a gabana. In sadaka ce ya kai masallaci, bashinmu yana nan.

Da ya fita Inna ta yi kuka. Ta nuna mini gabas, inda hadari ya fara taruwa da yamma yana watsewa. Ta ce girman kaina zai kashe mata 'ya'ya. Wannan maganar ta shige ni, ba zan ce ba ta shige ni ba. Na kwana biyu ina zuwa shago ina ba mutane canji ba daidai ba. Amma na san abin da ke cikin ledar nan. Da mun karɓa, ko nawa ne, shi kenan an rufe, a ce Alhaji ya taimaki marayu kafin ya tafi, mu kuma mu bi shi da godiya a kan kuɗin ubanmu.

Ana saura 'yan kwanaki su tafi sansani Alhaji ya aiko a kira ni. Kawu ya raka ni, yana tafe yana ja mini kunne. Wannan karon ba kowa a zauren sai Alhaji da sababbin jakunkuna a jingine da bango. Bai ce mini ɗiyata ba. Ya ɗauko kalkuleta irin ta 'yan hatsi, mai manyan maɓallai, ya juyo ta yadda zan gani. Ya buga kuɗin shekara biyu. Ya cire watannin da muka zauna, har da wanda ake ɓalle kwano a kanmu. Sai ya raba abin da ya rage gida takwas, ya cire ɗaya.

Na ce wannan fa.

"Tumunin uwarki. Ta yahe, Hajiya shaida ce. Ko ba haka malamin naki ya ce ba?"

Ni na kai maganar gaban malam, ni na faɗi cewa Inna ta yafe, a gaban mutum fiye da ɗari. Alhaji ɗan kasuwa ne, bai bar ƙwaya ta faɗi ƙasa ba. Kawu ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi.

Alhaji ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da kuɗin, a ƙirge, an ɗaure da roba. Ban miƙa hannu ba. Na ce ina so in san wa ke biya na, shi ko kamfani, don in san wanda zan ce ya biya.

"Ke dai karɓi."

"Alhaji, kai ko kamfani?"

"Ni ne," ya ce, yana kallon jakunkunan.

Na karɓa, na ƙirga a gabansa, a hankali, yadda ya yi wa Inna a 'Yankara. Da na gama ya ce to, yanzu fa, sai a yafe wa juna. Na ce bashin yara ya fita, nawa ma ya fita, wannan na shaida. Amma watannin da uwata ta yi tana kwana tana kallon rufi, da zuwan da na yi nan aka yi mini dariya, wannan sai na yi tunani. Ya ce jirgi ba ya jiran tunanina. Na ce to Allah ya tsare hanya.

Kuɗin ba su kai mu inda muka fito ba. Mutanen ƙauye suna ta shigowa gari, haya ta tashi, ga tumuni ya tafi. Ciki da falo ya fi ƙarfinmu. Na samu ɗaki ɗaya a gidan wata tsohuwa bayan kasuwa, rufin kwano, na hau kujera da kaina na duba ko akwai huda. Na biya shekara ɗaya, na ƙi biyan biyu ko da ta ce za ta rage. Sauran 'yan hayar, iyali biyar, har yau ba wanda ya ga sisi. Telan ya ce zai kai ƙara, ban san inda ya kwana ba.

Mun kwashe kaya a kura biyu ta 'yan dako, da hadari a kanmu. Ranar bai zubo ba. Sai bayan kwana uku, da la'asar, ya sauko da iska, irin wanda ke karya rassan darbejiya. Mu huɗu muna cikin ɗaki ɗaya, katifa a jingine, kaskon awara a bayan ƙofa, ƙarar kwano ba ta bari a ji magana sai an matso. Inna ta matso ta ce ita fa har yanzu ba ta yi nadamar tumuninta ba, ta ba Allah. Na ce Alhaji ta ba. Ta ce in matsar da buhun waken daga bakin taga.

Da safe Kawu ya aiko a gaya mana rufin ɗakin ajiyar ya rufta.